Allon Nasara a Rumfar Kilishi

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga kai, har in riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina, ban jin zai iya kwashe ranar da na kai wa surukina tsaraba daga Faransa. Jaririyar da aka haifa mana a lokacin yanzu ta yi nisa a lekol, wato makarantar boko, amma har yau in na tuna sai zufa ta karyo min, daga baya kuma in kama dariya ni kaɗai, har maiɗakina ta leƙo ta ce lafiya dai ko.

Ni mutumin Colire ne. Karatu ya kai ni Ngaundere, inda na haɗu da matata, 'yar Garwa, daga can kuma ya wuce da ni Faransa, na samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Lille. A cikin hutun wata guda aka ɗaura aurenmu, aka yi biki, muka tafi. Saboda haka gidan surukaina sau uku kacal na taka shi, kuma kowane zuwa a tsugune nake a zaure, kaina a sunkuye, ina amsa gaisuwa da muryar da ni ma ban san ina da ita ba. Abin da na sani game da surukina kaɗan ne. Mahauci ne, kilishi ya gada tun kakanni, kuma direbobin da ke wucewa Marwa da Kusiri ba sa barin Garwa sai sun tsaya a rumfarsa.

Sai kuma abu guda da na gani da idona. A zuwana na uku, ƙofar wani ɗaki da ke jikin zauren tana buɗe, na ɗan saci kallo. Takardu ne tun daga ƙasa har rufi: littattafai manya da ƙanana, jaridu a ɗaure da igiya, mujallu tuli guda. Ina cikin kallo sai ga Baba, surukin nawa, ya fito da wani ƙaton littafi a hammata. Ya buɗe shi, ya kama shafi ɗaya ya murza tsakanin yatsunsa, ya ɗaga shi wajen haske, ya gyaɗa kai kamar wanda ya ji wata magana mai ratsa zuciya. Nan take na yanke hukunci a raina cewa na auri 'yar wani masani da ya ɓoye kansa cikin mahauta. Ban faɗa wa kowa ba. Na adana abin a zuciya ina jin daɗi, kamar na gano sirrin da ya shige wa mutanen Garwa duhu.

Da cikin matata na fari ya tsufa, ta tafi gida haihuwa. Ban samu hutu ranar suna ba, sai bayan wata biyu aka sallame ni in je in ɗauko su. Nan maganar tsaraba ta taso. A waya matata ta ce min, “Ka saya wa Baba shadda da turare ka huta.” Na ce mata shadda kowa ma yana kai wa, mijin yayarta da ke Jidda ya riga ya cika masa akwati. “Ki bar min wannan,” na ce, “na san abin da Baba yake so.” Ta ce to. Da ina da wayo, da a cikin wannan “to” ɗin na ji gargaɗi.

Kullum a jirgin ƙasan da ke kai ni aiki ina ganin mutane riƙe da wani siririn allo, bai fi tafin hannu biyu ba, suna karatu. Ba waya ba ce. Ba a kira da shi, ba a kallon fim, fuskarsa fara ce kamar takarda, rubutun baƙi, kuma yana ɗaukar littattafai dubbai. Faransawa na ce masa lizoz. Wani abokin aikina, dattijon Bature da ya kusa ritaya, yana da irinsa, ya miƙo min nasa na jujjuya. Ina riƙewa na hango Baba a kishingiɗe a inuwar darbejiya, ɗakin takardun nan gaba ɗaya a hannunsa.

Mako uku na yi ina bincike. Jarrabawar fita jami'a ma ban yi mata irin wannan karatun ba. Na san wanda ke da fitila mai ruwan ɗorawa saboda ido, na san mai inci shida da mai inci bakwai, na san wanda ake taɓawa da wanda ake dannawa. Har jadawali na zana a bayan takardar aiki. Ranar wata Asabar na sa kwat na nufi wani babban kanti, na samu wata matashiya mai sayarwa, na zaro takardata. Tana ganin tsawon tambayoyin ta jawo kujera ta zauna.

“Yana jure zafi?” na ce.

“Zafi kamar yaya?”

“Irin wanda in ka bar takalmin roba a rana, ka dawo ka tarar ya sake lamba.”

Ta juya kwalin ta duba, ta ce an rubuta kada a yi amfani da shi a zafin da ya wuce digiri talatin da biyar. Na ce mata, “Madam, a garin da za shi, ranar da aka samu talatin da biyar mutane barka suke yi wa juna.” Ta ce to a riƙa ajiye shi a inuwa. Na tambayi caji, domin a Garwa ana iya ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun safe a manta da ku. Ta ce caji ɗaya yana yin makonni, na sa alama a takardata. Ta nuna min wani ta ce ruwa ba ya shigarsa, mutum zai iya kwanciya cikin bahon wanka yana karatu. Kafin in hana kaina, zuciyata ta zana min surukina kwance cikin kumfa. Na yi saurin yin istigfari, na ce mu wuce wannan.

Na zaɓi mai maɓallai a gefe, saboda na tuna yatsun mai kilishi ba sa rabuwa da maiƙo. Wannan kaɗai ne tunanin kirki da na yi a duk harkar. Sai maganar riga. Ta kawo wata baƙa mai sheƙi, na tambaye ta fatar wace dabba ce, domin ba zan kai wa mahauci Musulmi abin da zai sa ya wanke hannu sau bakwai ba. Ta kira wani, wani ya kira wani, har manajan kantin ya fito da kansa ya rantse min da duk abin da Bature ke rantsuwa da shi cewa roba ce.

A ƙarshe ta ce, “Wane irin littattafai yake karantawa, in taimake ka ka zuba masa?”

Na gyara tsayuwa. Na lissafa mata abin da idona ya gani a ɗakin nan: littattafan shari'a, kimiyyar sinadarai, tarihi, littafin gyaran tarakta, har mujallun ɗinkin mata. Ta buɗe baki ta ce ai wannan babban masani ne. Na ce, “Kuma mahauci ne,” ina kallonta, ina jin kamar ni na haife shi. Na koma gida na kwashe kwana biyu ina loda masa tarihin duniya, falsafa, dokokin ƙasa da ƙamus har iri uku.

Daga Pari zuwa Yawunde, daga Yawunde jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga can motar haya ta ajans zuwa Garwa, allon nan bai bar ƙirjina ba. Akwatina ma ban damu da shi haka ba. Watan Afrilu ne, muka gangaro gadar Binuwai rana na dukan kwanon mota, ni kuwa ina yi wa aljihuna fifita da tikiti. Na isa, na ga 'yata, na ɗauke ta. Da muka keɓe matata ta ce ina shaddar Baba. Na ce na kawo abin da ya fi shadda, kuma ba zan nuna mata ba sai ta ji labari.

A ƙa'ida, tsarabar suruki ta hannun matarka kake aikawa, ko ta hannun uwarta, ka koma gefe ka jira godiya. Ni kuwa shaidu nake so. Washegari bayan la'asar na nufi rumfarsa da ke ƙofar gida. An kwashe naman da aka shanya a kan gadajen kara, ana tsoma shi a labu, kwaɓin yajin kilishi, ƙanshin gyaɗa da citta da kanumfari ya cika layin. Baba na zaune a tabarma da mutanensa: mahauta uku sa'anninsa, wani dogon dillalin shanu Bafillace, da wani siririn tsoho mai tabarau, hannun tabaraun ɗaya a ɗaure da zare. Shi wannan malamin makaranta ne mai ritaya, kowa Metir yake ce masa.

Na tuɓe takalmi, na tsuguna, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, dillalin ya ja ni da “jam na” har na kusa ƙarar da ɗan Fillancin da nake da shi. Sannan na miƙa kwalin da hannu biyu. Baba ya yi bismilla ya buɗe. Bai fara kallon allon ba, rigar ya kai hanci ya shinshina. Ya sake shinshinawa, ya murza.

“Wannan ba ta sa ba ce, ba ta akuya ba, ba ta raƙumi ba,” ya ce. “Ɗana, dabbar nan ba ta taɓa numfashi ba.”

Aka yi dariya, ni ma na yi, ina ganin an fara da kyau. Dillalin ya miƙo wuya ya ce ana kira da shi? Na ce a'a. Ana kallon ƙwallo? A'a. Yana ɗaukar hoto? A'a. Ya ƙura wa fuskar ido ya ce ko kala ma babu? Ya juya ya ce wa na kusa da shi da Fillanci, a tsammaninsa ba na ji, Nasara sun samu yaron nan sun sayar masa da wadda ta mutu.

Wannan ya zuga ni. Na manta a gaban suruki nake, na buɗe baki na yi lacca. Na ce wannan allon karatu ne, yana cin littafi dubu da ɗoriya. Na ce duk takardun da ke ɗakin can za su shige cikinsa har a samu rara. “Daga yau,” na ce, “Baba ba ya da sauran buƙatar takarda. Sai a kwashe ɗakin, a share, a yi masa fenti, a sa kujeru.” Tsofaffin suka dubi juna. Na ɗauka mamaki ne ya kama su. Sai na kunna allon, na buɗe shafin farko na tarihin duniya, na miƙa masa na ce, “Baba, ga shi, a ɗan karanta mana a ji.”

Ya karɓa. Ya daɗe yana kallon rubutun. Mahautan nan kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Sannan ya ɗago a hankali ya ce, “Ɗana, ni boko ban yi ba. Allo na yi, na kuma gode Allah. Amma waɗannan 'yan tururuwan ban san inda suka dosa ba.”

Bakina ya ce, ba da izinina ba, “Amma Baba, littattafan da ke ɗaki fa?”

“To in ka kwashe su ka yi fenti,” ya ce, “da me zan naɗe kilishi?”

Kamar an shirya, daidai lokacin wani ɗan moto ya tsayar da babur ɗinsa don sayen kilishi. Mai tsaron tebur ya sa hannu ƙarƙashi ya jawo ƙaton littafin nan, shi dai wanda na gani a hammatar Baba, yanzu ya rage rabi, ya fizgi shafi biyu, kyat, ya naɗe nama ya miƙa. Dillalin ne ya fara fashewa, ya kwanta a tabarma yana buga ƙafa, sauran suka bi. Ɗaya daga cikin mahautan, yana share hawaye, ya yi min bayani cewa a buhu ake sayo su wajen masu gwanjon takarda, kuma littafin shari'a ya fi kowane daraja, domin takardarsa na da kauri, tana shan mai ba ta yagewa. Abin da Baba ke dubawa ke nan ranar da na ga yana murza shafi yana gyaɗa kai.

Dariyar ba ita ta fi yi min ciwo ba. Kowa a wurin ya san Baba bai yi boko ba, ba wani asiri ba ne. Amma ba wanda ya taɓa sa shi ya faɗa da bakinsa a gaban sa'anninsa, sai ni, mijin 'yarsa, da na zo daga ƙasar Nasara da kwat. Shi ma ya yi dariyar, ya ce Allah ya yi albarka, ya tura allon ƙarƙashin tabarma. Amma na ga yadda ya gyara hularsa sau biyu ba tare da ta karkace ba.

Kafin in shiga gida labari ya riga ni. Matata na tsaye da goyo, ba ta ko bari na zauna ba. “Shekara biyu muna cin tuwo a kwano ɗaya,” ta ce, “bakinka ciwo yake yi da ba za ka tambaye ni ba? Ubana ne fa! Ni ban san shi ba sai kai da ka leƙa ta ƙofa?” Na ce so na yi in ba kowa mamaki. Ta ce ai kuwa na bayar. Daga bayan katanga ina jiyo Inna, surukata, tana ƙoƙarin danne dariya, tana tambayar wata maƙwabciya ko abin zai yi rufin kwano. Matata ta yanke min hukunci: gobe da safe in je kasuwa in sayo shaddar da ta faɗa tun farko, in je in ba Baba haƙuri, kuma kada in ƙara furta kalmar fenti a gidan.

Da hantsi na iso rumfar da shadda a hammata, na haddace jawabin ban haƙuri. Sai na tarar da Baba da Metir su biyu, kawunansu a haɗe a kan allon. Metir ya cire tabaraunsa ya ajiye a gefe. Ashe tun da sassafe ya zo ya roƙa a ba shi ya gani, ya yi ta danne-danne har ya gano inda ake ƙara girman rubutu. Ya mai da kowane harafi kamar ƙwayar gurjiya. “Bon,” ya ce min, “rabon da in yi karatu ido bai yi min ruwa ba, tun kafin in bar aiki.”

Na fara jawabina, Baba ya ɗaga hannu. “Ajiye wannan, zauna. Jiya ka ce littafi dubu ne a ciki?” Na ce haka ne. Ya jawo wata tsohuwar gwangwanin alewa, ya fito da wani littafi da babu bango, babu shafukan farko, gefensa duk maiƙo. “Wannan yana ciki?”

Metir ne ya warware min. Shekara da shekaru, in an kawo buhun takardu, shi yake fara tonawa. In ya samu labari mai daɗi sai ya riƙa karantawa bayan la'asar, yana juya wa 'yan rumfa da Hausa, kafin a kai ga yagarsa. Wannan littafin labarin wani manomi ne a wani ƙauyen Faransa, mai wani bajimin sa da ya fi ƙauna fiye da iyalinsa, aka sace san ana gobe za a kai shi gasa. Mutum uku ake zargi: mahaucin ƙauyen, da wani dillalin dabbobi, da ƙanen manomin. Suna tsaka da labarin, saura shafi talatin, sai jajibirin salla ya zo, masu saye suka yi yawa, takarda ta ƙare a tebur, Baba da hannunsa ya fizgi ƙarshen littafin ya naɗe wa wani direban Kusiri kilishi. Shekara shida ke nan. Tun daga ranar rumfar ta rabu uku. Mahauta sun ce dillalin ne ɓarawo, dillalai sun ce mahaucin ne, Metir ya ce duk wanda ya san rubutun Nasara ya san ƙanen ne. Kuma duk ranar da gardama ta tashi, sai Metir ya tuna wa Baba wanda ya jawo.

Littafin ba ya cikin abin da na loda. Ba mu san sunansa ba, ba mu san wanda ya rubuta ba. Amma na ga ƙofar da zan wanke kaina, na kama ta da hannu biyu. Na zaɓi jimla ɗaya daga tsakiya na rubuta a wayata na nema, ba a samu ba. Na gwada wata, na gwada wata, ina zagaya rumfar da waya a sama ina farautar layin intanet, tsofaffin biyu suna bin hannuna da ido. Can wajen azahar sai ga shi ya fito, da bangonsa, har da hoton san. Baba ya karɓi wayar ya dubi hoton da kyau, ya ce lalle wannan ya isa a sace shi.

Na zo saye, kati ya ƙi. Bankina ya ga an taɓa katin daga Kamaru, ya ɗauka wani ɓarawo ne ya sace shi ya gudo har Garwa don ya sayi labarin sa. Dole na kira dattijon abokin aikina a Lille, na yi masa bayani tun daga kilishi har jajibirin salla. Ya yi dariya har ya shaƙe, ya ce zai saya ya turo min in ya tashi aiki, amma da sharaɗin in gaya masa wanda ya saci san.

Washegari bayan la'asar rumfar ba ta ɗauki mutane ba. Mahauta sun zo daga mayanka, wasu ko wanka ba su yi ba. Dillalin ya gayyato 'yan uwansa huɗu daga kasuwar shanu. Inna da maƙwabtanta suna bayan ƙyauren zaure. Ni aka ba ni wuri kusa da Baba, abin da ban taɓa samu ba. Metir ya yi gyaran murya, ya nemo daidai inda aka yage, ya fara: ya karanta da Faransanci, ya juya da Hausa, in dillalai sun yi ƙorafi ya ƙara musu da Fillanci.

Manomin ya fita neman sa. Ya bi wata hanya, aka yi ruwa. Ya tuna yarintarsa. Ya tuna wata mata da ya so bai aura ba, aka yi shafi shida a kan gashinta. Baba ya ce a wuce wurin. Manomin ya haɗu da mahaucin a hanya, rumfa ta yi tsit, dillalai suka gyara zama. Suka gaisa, suka yi maganar ruwan sama, suka rabu. Ya haɗu da dillalin, mahauta suka miƙe wuya. Shi ma maganar ruwan sama. Daga nan manomin ya hau jirgin ƙasa, ya sauka a bakin teku, ya tsaya yana kallon ruwa, ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa. Metir ya danna maɓalli. Ya sake dannawa. Ya ɗago ya dube mu.

“Ya ƙare,” ya ce.

“Cajin?” in ji Baba.

“Labarin.”

“San fa?”

“Ba a faɗa ba.”

Hayaniya ta kaure. Dillalin ya ce ai tun farko ya faɗa, abin da babu kala ba zai cika alkawari ba. Wani mahauci ya ce wataƙila sauran ya maƙale a hanya saboda rashin layi, a ɗaga allon sama ko zai ƙarasa sauka. Aka miƙo min in duba ko Baturen ya sayo rabi ne. Na duba gaba, na duba baya, zufa na ɗiga daga haɓata, na ce wallahi iyakarsa ke nan, haka marubucin ya ga dama. A raina na ce shi ke nan, na kunyata sau biyu a mako ɗaya.

Baba ya dubi Metir. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda matata ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa jin ya yi ba, har hula ta faɗi. “Metir!” ya ce. “Shekara shida kana min gorin na naɗe ƙarshen labari. Ashe babu abin da na naɗe wa direban nan sai ruwan teku!” Da ya samu numfashi ya nuna dillalan da yatsa ya ce a dai shaida, ba a ce mahaucin ne ba. Dillalai suka ce su ma ba a ce nasu ne ba. Metir ya ce shirun da marubucin ya yi a kan ƙanen shi ne babbar hujja. Gardama ta dawo sabuwa, ta fi ta da zafi, har aka kira magariba ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Ranar da za mu tafi Baba ya sa aka kira ni zaure, mu biyu kawai. Ya ce allon zai zauna a hannun Metir, kullum bayan la'asar za a riƙa karatu, kuma ƙanwar matata za ta riƙa haɗa shi da wayarta in na turo sabo. “Tsarabarka ta karɓu, ɗana,” ya ce. “Amma ga sharaɗi. Duk littafin da za ka aiko mana, ka fara karanta ƙarshensa. In ka ga teku, kada ka saya.”

Har yau aikina ke nan. Ban jin akwai wani a duk Faransa da ya kai ni sanin ƙarshen littattafan da bai san farkonsu ba.

Abin da na koya kuwa bai da wuya, sai dai ni da tsada na saye shi. Na ƙware a sanin na'ura ciki da waje, amma mutumin da zan kai wa ban san shi ba, kuma na kira rashin tambayata kunya alhali girman kai ne. In kyautar nan ta yi amfani, ba wayona ba ne, dattakun tsohon ne, da ya ga na kunyata shi amma ya nemo min hanyar da zan fita kunya. Tun daga lokacin, ko hula zan saya wa mutum, sai na fara tambayar wanda ya san girman kansa.